Tulun Gwaggo Zainabu

Tun da na dawo daga Umra ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo shago, kafin ta taya faranti sai ta ce, "Hajiya Rabi, an ce har kwana huɗu kika yi a Jidda, ba ki ba mu labari ba." Ni kuwa sai in ce lafiya lau, akwai zafi, in miƙa mata dabino. Waɗanda suka san ni sun gane akwai abin da nake ɓoyewa, domin ko Kano na je sarin kaya sai na cika musu kunne mako guda. Har an fara cewa wai kama ni aka yi da goro a filin jirgi. Ba a kama ni da komai ba. Kunya ce ta rufe min baki, kuma na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Shekara ashirin da biyu ke nan ina sayar da kayan tangaran a Funtuwa, kuma sana'ar ta bar min wani hali. Ba a miƙo min kofi ko faranti ban kifa shi na duba tambarin da ke ƙasa ba. A gidan biki ina yi, a gidan gaisuwa ma na taɓa yi. Daga tambari nake sanin na Sin ne ko na Turai, na gaske ne ko jabu. Ina alfahari da wannan ido nawa, har nakan ce ba a haifi wanda zai cuce ni a tangaran ba.

Ana jibi zan tashi, Baba ya aika a kira ni. Ya kusa tamanin, kuma tun bara bai ƙara fita ko masallaci ba. Ya ba ni wata 'yar takarda mai lambar waya, ya ce wani alhaji ne ya samo masa.

"Akwai Gwaggonki Zainabu a Jidda, 'yar Kulu ƙanwar mahaifina. Ban taɓa ganin ta ba. Ki neme ta, ki ce Sani ɗan Audu ya ce ta yafe mana. Ina so in ji amsarta da kunnena kafin in tafi."

Na ce, "Baba, a yafe me?"

"Ke dai ki faɗa mata."

Labarin da muka tashi da shi a gidanmu shi ne kakanmu Alhaji Audu ya je Makka a ƙasa yana saurayi, tare da iyayensa da ƙanwarsa Kulu. Iyayen suka rasu a hanya. Da ya gama aikin Hajji sai ya ajiye Kulu a hannun mutanen kirki a Jidda don ta yi karatu, ya dawo shi kaɗai. Haka muke faɗa, kuma da alfahari muke faɗa. Na ɗauka Baba yana nufin rashin zumunci ne, na sa takardar a jaka na tafi a yi min lalle.

Wannan lallen shi ne wautata ta farko. Matar ƙanena ta zauna ta zuba min shi har kan yatsu, ya kama ya yi baƙi ƙirin, kowa yana yabawa. Muka yi sammako zuwa Kano, aka auna kaya, aka ce in rage, na zauna a ƙasa a gaban jama'a ina fid da ƙullin kuka da daddawa ina cusawa a jakar hannu. A jirgi wadda ke kusa da ni ta yi ta salati tun daga tashi har sauka, duk lokacin da jirgin ya girgiza sai ta damƙe min gwiwa.

A Jidda aka jera mu layin shiga. Wata matashiyar jami'a ta nuna min gilashin na'ura ta ce, "Basma, Hajja." Wato in ɗora yatsu. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ta kama hannuna ta juya, ta ga lallen, ta kira abokiyar aikinta su biyu suna kallo suna magana da Larabci. Aka kawo ruwan goge hannu na yi ta dirza har yatsuna suka yi zafi, mutanen bayana suna tsaki da Hausa don in ji. Sai da aka kusa awa guda kafin babban yatsana na dama ya yarda ya fito. Na tuna ina kallon hotonsa a allon na'urar, layi-layi kamar kunyoyin gona, ina mamakin wai wannan ɗan zanen ne shaidar cewa ni ce ni.

Abin da na gani a Makka da Madina ba na hira a shago ba ne, na bar shi tsakanina da Ubangijina. Bayan kwana goma na dawo Jidda na kira lambar da Baba ya ba ni. Namiji ne ya ɗauka, ya ce shi Umar ne, ɗan Zainabu, kuma zai zo tasha ya ɗauke ni.

Umar magidanci ne, direba a wani gida a Abhur, can arewacin gari inda masu kuɗi suke. Yana jin Hausa tsaf, amma in zai mayar sai ta riƙa tsinke masa ya ɗinke da Larabci. Ya karɓi akwatina ya ce, "Ahlan, Yaya Rabi. Tsohuwa tana jira tun subahi. Yalla mu tafi." A hanya na tambaye shi ko ya taɓa zuwa gida. Ya ce wane gida? Na ce Najeriya mana. Ya yi dariya ya ce shi da uwarsa duk a nan aka haife su, amma kowace shekara sai sun sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, kamar baƙi. A nan ana ce musu 'yan Afirka, in kuma suka haɗu da alhazai a ce musu Larabawa.

Unguwarsu Mahjar ce, a kudancin gari. Wadda take zaton duk Jidda gilashi ce da fitilu ta je can ta gani. Lunguna ne matsattsu, wayoyin lantarki a sarƙe, mata zaune a bakin hanya da farantan gyaɗa, kana tafiya kana jin Hausa tana faɗowa daga tagogi. Gwaggo tana bene na biyu, ɗaki biyu da ɗan kicin. Ta tare ni a bakin ƙofa tana dogara sanda, 'yar ƙaramar tsohuwa, ƙafarta ta hagu a shanye. Da na ga fuskarta sai na ga hancin Baba ne da goshinsa. Ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu, dama da hagu da dama, ni kuwa ina ta ƙoƙarin durƙusawa irin tamu, muka kusa faɗuwa tare.

Aka kawo gahawa a 'yan ƙananan kofuna marasa mariƙi. Na kurɓa, sai hannuna ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarce ni ba. Na kifa kofin in ga tambari, sauran gahawar ta zube a kan dardumar Gwaggo. Ta dube ni ta dubi Umar. Na yi ta ba da haƙuri ina bayanin sana'ata, ita kuwa ta yi dariya har da hawaye ta ce, "Ma'alesh, ba komai, ya binti. To me kika gani a ƙasan?" Na ce na Sin ne, mai araha. Ta ce ai ta sani, ita ta saya.

Bayan la'asar na gyara zama na isar da saƙon Baba kamar yadda ya faɗa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta jima tana murza kan sandarta, sannan ta ce, "Kin sha hanya. Ba a amsa irin wannan magana ga mai gajiya. Ranar da za ki tafi zan ba ki amsa." Daga nan na san ba rashin zumunci kaɗai Baba yake nufi ba, kuma amsar ba a hannuna take ba tukuna.

Na ci abinci a gidan nan. Da safe wake ne dakakke da man zaitun da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke ce wa tamis. Da rana shinkafa da kifi, shinkafar ta yi ruwan ƙasa saboda soyayyar albasa. Umar ya sayo wani nama da ya ce shi ne abin alfaharin Jidda, siriyya, na buɗe takarda na ga tsire ne da ƙuli-ƙulinsa, ba abin da ya canza sai suna. Da na fito da kukar da na sha wuya a kanta, Gwaggo ta ɗebo ta shinshina ta rufe ido. Ta ce rabonta da kuka mai wannan ƙanshi tun uwarta tana da rai.

A ranar farko na koyi wata al'ada tasu. Na ga wani mayafi a kafaɗarta na ce kai, wannan ya yi kyau. Ta ce, "Naki ne." Na yi godiya irin tamu, domin a wurinmu in aka ce naki ne, magana ce ta baki, kowa ya san ba ɗauka za a yi ba. Can anjima na sake cewa launinsa ya burge ni. Kafin in rufe baki ta cire ta ninke ta ɗora min a cinya, na yi rantsuwar duniya ta ƙi karɓa. Umar ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, a gidan nan kada ki yabi abu sau biyu. In baƙo ya maimaita, aibi ne a wurinta abin ya kwana nata." Na ce na ji, kuma lallai na ji, domin na riƙe maganar.

Washegari na lura da tulun. Yana kan wani ɗan katako kusa da taga, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, fari fat, da zanen ganyaye da suka ɗan taso a wuyansa. An zuba ruwa an tsoma reshen ɗoɗɗoya a ciki. Tun daga inda nake zaune na san ba ajin kofunan jiya ba ne. Farinsa mai zurfi ne, hasken taga yana ratsa bakinsa. Na jira Gwaggo ta shiga alwala, na zare ɗoɗɗoyar, na juye ruwan a kofi, na kifa shi. Tambarin kore ne, zane biyu masu kama da walƙiya sun sarƙe da juna, da wasu haruffa a ƙasa. A shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin irinsa ba. Na ɗauki hoto, na mayar da komai yadda yake, na tura wa 'yata Fa'iza da ke jami'a na ce ta bincika min.

Saƙon murya biyu ta turo. Na farko ta ce, "Mama, na Jamus ne, tun lokacin yaƙin duniya na biyu. Ba su da yawa a duniya, akwai Turawa masu tara su, kuma kuɗinsa ya fi duk abin da ke shagonki. Amma ki saurari na biyun." Na biyun minti huɗu ne. Na ga tsawonsa na ce a raina surutun 'yan boko ne, na kashe wayar. Wannan shi ne wurin da ba ni da abin kare kaina, domin ba wanda ya ɓoye min komai. Ni na ƙi ji.

Da yamma Umar ya kai ni Abhur in ga teku. Ya nuna min wani gida mai doguwar katanga ya ce nan uwarsa ta yi aiki shekara talatin da ɗaya a wurin wani likita, ita ta reni 'ya'yansa duka. Ina cewa Allah sarki, amma tunanina yana kan katakon nan na bakin taga. Na riga na shirya wa kaina hujjoji. Tsohuwa ba ta san darajarsa ba. Ganye take tsomawa a ciki. Wata rana jika zai ture shi ya fashe a banza. In na sayar ai zan aiko mata da wani abu.

A rana ta uku bayan karin kumallo na dubi taga na ce, "Gwaggo, wannan tulu naki akwai kyau."

Ta ce, "Tsoho ne," ta ci gaba da tsince shinkafa. Ba ta ce nawa ne ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali.

Na ce, "Ni da nake sana'ar nan, wallahi ban taɓa ganin mai kyansa ba."

Hannunta ya tsaya a cikin tire. Umar da ke ɗaure takalmi zai fita aiki ya ɗago ya zuba min ido. Na kau da kai na ƙara ta uku, na ce da zan samu irinsa a kasuwa da ko nawa ne na saya.

Gwaggo ta ajiye tiren. Ta dafa sanda ta miƙe, ta ja ƙafa har taga. Ta zare ɗoɗɗoyar ta sa a kofin shan ruwa, ta juye ruwan, ta goge tulun ciki da waje da gefen zanenta a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ta naɗe shi a tawul ta miƙo min da hannu biyu.

"Tafaddali. Naki ne."

Na yi 'yar ƙin karɓar da ake yi, ita ma ta san ta baki ce. Umar ya fita bai yi min sallama ba.

Kafin azahar na ce zan je Bab Makka sayen abaya. Kasuwa ce babba a bakin tsohon gari, ga 'yan yadi ga 'yan dabino ga masu turare, a bayanta kuma tsofaffin gidaje masu tagogin katako inda ake sayar da kayan da. Na yi ta tambaya da hannu da guntun Larabcina har aka nuna min wani shago cike da tsofaffin butoci da agogai. Mai jiran shagon dattijo ne baƙi mai farin gemu, ana ce masa Amm Bakur. Na fara kame-kame, sai ya ce, "Yi Hausa, Hajiya, kakana Bakatsine ne."

Na warware tawul ɗin. Bai ko taɓa tulun ba. Ya dube shi ya dube ni ya ce, "Khala Zainab ta rasu ne?"

Na ce tana nan lafiya, ni 'yar ɗan'uwanta ce daga Najeriya, ita ta ba ni.

"Ta ba ki." Ya jawo min kujera. "Kin san abin da kika ɗauko?"

Na ce na Jamus ne, na lokacin yaƙi.

Ya ce haka ne. Ya ce gwamnatin kama-karyar da ta jefa duniya cikin wannan yaƙi tana da wata runduna ta musamman, wadda ita ke tsare sansanonin da aka tara mutane ana kashewa. Tambarin nan nata ne. Manyanta suna son kayan ado masu tsabta da fari, don haka suka buɗe masana'antar tangaran, da ma'aikata suka yi ƙaranci sai suka riƙa fito da fursunoni daga sansani suna aikin. Mutum yana cikin yunwa, bai san ko zai kai gobe ba, yana murza yumɓu don a yi wa wanda ya tsare shi kyautar biki.

Ya ce, "Mu ba ma saye. Akwai masu saye a waje, kuma suna biya da kyau. Wasu don tarihi. Amma da yawa ba kyan tulun suke biya ba, tambarin suke biya, don har yau suna ƙaunar mutanen nan. In kina so in ba ki lambar wani, sai in ba ki."

Ya ci gaba yana gyara wasu cokula, ba ya kallona.

"Shekarun baya da ƙafarta ta lalace, likitoci suka ce sai an yi aiki. Maƙwabta suka matsa mata ta kawo shi nan. Na faɗa mata kuɗinsa, ya isa aikin har da saura. Ta tambaye ni su wa ke saye, na faɗa mata yadda na faɗa miki. Ta naɗe kayanta ta koma gida. Kin ga yadda take tafiya yanzu."

Na fito na zauna a dakalin wani rufaffen shago na kunna saƙon Fa'iza na biyu. Duk abin da dattijon ya faɗa yana ciki. A ƙarshe ta ce, "Mama, don Allah ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa." Na zauna a nan cikin zafin rana, mata mai jikoki, wadda ta gama ɗawafi kwana goma da suka wuce, ina riƙe da ƙafar tsohuwa a naɗe cikin tawul. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Da na koma na tarar da ita a zaune, kofin ɗoɗɗoya a kan katakon. Na durƙusa na ajiye tulun a gabanta na faɗa mata komai, har da hoton da saƙon da na ƙi saurara. Na ce ta karɓi kayanta ta yafe min.

Ta ce, "Na san inda za ki tun da kika ce abaya. Abin da na bayar ba ya dawowa, ya binti, halas, magana ta ƙare. Amma zo in nuna miki. Ke mai duba ƙasan kaya ce, ko? Kifa shi."

Na kifa.

"Me kika gani?"

"Tambari."

"Kowa shi yake gani. Kawo hannunki."

Ta kama babban yatsana ta kai shi can gefe, cikin zoben da tulun ke zama a kai, inda ba a shafa sheƙi ba. Na ji ɗan lotsawa. Na karkata shi wajen haske, sai ga shatin babban yatsan mutum, layi-layi, ya gasu tare da yumɓun. Ni mai ido, na kifa tulun nan har na ɗauki hotonsa, ban gan shi ba.

Ta ce likitan da ta yi wa aiki, a Jamus ya yi karatu, can ya sayo irinsu guda bakwai a kasuwar tsofaffin kaya bai san ko mene ne ba. Ita ke goge su duk Alhamis. Da tsufa ya zo masa wani baƙo ya gaya masa asalinsu, sai ya kira ta ya ba ta labari, ya ce ta kwashe ta farfasa, ba ya son su kwana a gidansa. Ta fasa shida a bayan kicin. Ta ɗaga na bakwai sai yatsanta ya faɗa cikin wannan shatin.

"Sai na kasa. Na ce wannan hannun wani ne da aka hana shi tafiya gida. Ban san sunansa ba, ban san addininsa ba, Allah ya sani. Daktur ya ce in tafi da shi in ina so. Duk Juma'a ina canza masa ganye, in ce ya Rabbi, ka ga hannun nan." Ta shafa wuyan tulun. "A shekarun da yake murza wannan, a shekarun ne uwata take wanke tukwane a wani gida a cikin tsohon gari. Shekararta tara. Ku can me kuke cewa?"

Na ce muna cewa an ajiye ta ne ta yi karatu.

"Karatu." Ta gyaɗa kai. "Tana tsaye a bayan ƙofa ta ga an ƙirga wa yayanta kuɗin jirgin ruwa a hannu. Ya ce mata baɗi zai dawo. Shekara goma sha shida ba ta fita gidan nan da izinin kanta ba. Har ta mutu in ta ji alhazai sun sauka sai ta aike ni in tambayo ko akwai Audu na Funtuwa. Ba ta da kabarin da zan gane, ba ta bar hoto ba. Shi ya sa nake magana da wannan."

Na kifa kaina a gwiwarta na yi kuka, ba ta hana ni ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Na ce yanzu na ɓata saƙon Baba. Ta ce saƙon Sani daban, halina daban.

Ranar tafiya da hantsi ta ce in kunna waya in ɗauki muryarta. Ta gyara ɗankwali kamar Baba yana ganin ta, ta ce, "Sani, taubashina, mai hancin gidanmu. An ce ka tsufa ka kwanta, rago, ni da ƙafa ɗaya ina hawa bene. Abin da ka roƙa, ba kai ka yi ba, amma na ji daɗi da aka samu wanda ya tambaya. Uwata ta yafe wa Audu tun tana da rai, jira kawai take ya zo ta faɗa masa. Ni ce ban yafe ba. To yau na yafe, duniya da lahira." Sannan ta juyo gare ni ta ce tulu yana son ganye sabo duk Juma'a, kuma kada in bar shi a hannun masu son tambari. Umar ya kai ni filin jirgi. Sai da ya sauke akwatina sannan ya ce, "Ki riƙe shi a hannu, kada ki sa a kaya." Iyakar abin da ya ce min ke nan.

Tulun yana ɗakina yanzu, ba a cikin kabad ɗin falo ba, kuma na shuka ɗoɗɗoya a tsohon bokiti saboda shi. Ba na sayarwa ba ne, kada wadda ta karanta wannan ta zo min da tayi. Duk wata ina kiran Gwaggo, tana amsawa da fara'a, tana tambayar ko na canza ganye. Wannan fara'ar ta fi min zagi ciwo.

Amma abin da ya fi hana ni ba da labari shi ne ranar da na iso. Ko wanka ban yi ba na wuce ɗakin Baba na kara masa wayar a kunne. Ya saurara sau uku. Ya yi dariya a wurin rago, ya rufe fuska da hannun riga a wurin Audu. Da ya natsu sai ya ga tawul ɗin da na ajiye a gefen katifa ya tambayi mene ne. Na warware, na ba shi labarin wanda ya yi shi, na nuna masa yatsan. Ya jima yana shafa wurin.

"Abu mai daraja haka a wurinta, ita ta ba ki?"

Da na ce e, da ban yi ƙarya ba, kuma da ya kwanta da farin cikinsa cikakke. Na ce, "A'a, Baba. Karɓa na yi."

Ya mayar min da tulun a hankali, ya juya fuskarsa wajen bango.

"Ashe har yanzu ba mu daina ba," in ji shi.